Ɗigon Aro da Furen Gida: Sharhi a Kan Koya wa Yara Zanen Furanni a Ƙasar Rurum

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan wani salon zane ya shigo wasu makarantunmu na firamare ta hanyar wayar hannu. Malamai matasa masu koyar da darasin al'adu da fasaha kan gan shi a YouTube ko Facebook, su kwaikwaya, sannan su koya wa yara. Salon kuwa shi ne a yi zane da ɗige-ɗige zalla, wato yaro ya tsoma tsinke a cikin launi ya ɗiga a takarda, ya sake tsomawa ya sake ɗigawa, har siffar fure ta fito. Masu yaɗa wannan salo suna danganta shi ga Aborijin, wato mutanen da Turawan Ingila suka tarar a ƙasar Ostareliya lokacin da suka fara kafa mazauni a can cikin shekarar 1788.

Wani malami daga cikin 'ya'yanmu da ke koyarwa a yankin Rurum Tsohon Gari ya kawo mini tarin irin waɗannan zane-zane da ɗalibansa na aji huɗu da aji biyar suka yi, ya nemi in duba in faɗi ra'ayina. Wannan maƙala ita ce amsar da na ga ya dace in bayar a fili, domin abin ya shafi sauran malamai na ƙasar Rano da Kibiya, ya kuma shafi dattawa waɗanda ilimin tsirrai yake hannunsu. Zan yi bayanin asalin salon, in faɗi abin da na yaba, in nuna inda aikin ya gaza, sannan in kawo shawara.

Asalin Salon Ɗige-ɗige

Ya kamata duk malamin da zai koyar da abu ya san mafarinsa. A tsakiyar hamadar Ostareliya akwai wani ƙauye da ake kira Papunya, mai nisan kimanin kilomita 240 daga garin Alice Springs. Gwamnatin ƙasar ce ta kafa shi a ƙarshen shekarun 1950, ta tattara ƙabilu daban-daban na Aborijin ta zaunar da su a ciki, bayan an raba su da yankunan kakanninsu. A shekarar 1971 aka kai wani malamin makaranta Bature mai suna Geoffrey Bardon wannan ƙauye. Ya lura yara suna zana wasu siffofi a kan rairayi da yatsa, sai ya nemi su zana irinsu a bangon makaranta. Amma labaran da ke cikin siffofin na manya ne, yara ba su da ikon zana su. Saboda haka dattawan ƙauyen, cikinsu har da Kaapa Tjampitjinpa, suka karɓi aikin suka zana bangon da kansu. Daga nan suka ci gaba da zane a kan katako da ƙyalle, har a 1972 suka kafa kamfaninsu na kansu mai suna Papunya Tula.

Abin lura shi ne, waɗannan zane-zane taswirar ƙasa ce da tarihin zuriya. Da'ira cikin da'ira tana nufin masauki ko wurin ruwa, layin da ya haɗa da'irori hanya ce da kakanni suka bi, siffa mai kama da kofaton doki kuwa mutum ne a zaune. Kowane labari yana da masu shi, mutum kan gaje shi ta wajen uwa ko uba, kuma ba ya zana labarin da ba nasa ba sai da izni. Da zanen farko suka fita kasuwa, wasu al'ummomin Aborijin sun yi ƙorafin cewa an tona asirin abubuwan da suke tsarkakewa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa masu zanen suka yawaita ɗige-ɗige, domin su lulluɓe abin da bai kamata baƙo ya gani ba. Ke nan ɗigon yana da aiki biyu: ado ne, kuma mayafi ne.

Aikin ya yi daraja ƙwarai daga baya. A 2007 an sayar da wani zane na Clifford Possum Tjapaltjarri a kan dalar Ostareliya miliyan 2.4. Akwai kuma wata tsohuwa, Emily Kame Kngwarreye, wadda ba ta fara zane a kan ƙyalle ba sai da ta kusa shekara 80, kuma kafin rasuwarta a 1996 ta zama ɗaya daga cikin fitattun masu zane na ƙasar. Babban abin da ta riƙa zanawa shi ne wata irin doyar daji ta yankinsu, da saiwarta da 'ya'yanta, tsiron da ta sani tun tana yarinya, wanda ma daga gare shi aka samo sunanta. Da kuɗi suka shigo, sai 'yan jabu su ma suka shigo. A 2019 kotun tarayya ta ƙasar ta ci wani kamfani tarar dala miliyan 2.3 saboda sayar da kayan da aka yi a Indonesiya da sunan aikin hannun Aborijin ne. Don haka mutanen nan ba sa ɗaukar kwaikwayon alamominsu a matsayin wasa.

Abin da Na Yaba

Da farko, dabarar ta dace da halin da makarantunmu suke ciki. Darasin al'adu da fasaha yana cikin manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara 9 da aka fara aiki da ita a 2008, amma duk wanda ya san makarantun karkara ya san cewa sau da yawa a allo ake rubuta shi, yara su kwafa, a tashi. Dalilin da ake bayarwa shi ne babu buroshi, babu fenti, babu takardar zane. To ga dabarar da ba ta buƙatar buroshi. Tsinken tsintsiya, ko sillen kara, ko ƙwayar ashana da ta mutu, duk sun isa.

Na biyu, ɗigo yana koya wa yaro haƙuri da daidaita hannu. A zanen da na duba na ga yadda ɗigon farko yake fitowa da girma da ƙazanta, amma kafin a kai ƙarshen takarda sai ya daidaita. Hannun da ya saba da wannan zai ji daɗin riƙe alƙalami. Kuma yaron da ba ya iya jan layi miƙaƙƙe ba ya jin kunya, tunda kowa yana iya yin ɗigo.

Na uku, zaɓen fure a matsayin abin zanawa hikima ce. Iyaye da yawa a ƙasarmu ba sa sakin jiki da darasin zane saboda hanin da ya zo game da suranta abu mai rai. Malamanmu sun san ruwayar da ta zo a Bukhari da Muslim, inda Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da shi, ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zanen itatuwa da abin da ba shi da rai. Saboda haka malamin da ya sa yara zanen tsirrai ya kauce wa saɓani da iyaye, kuma ya buɗe wa darasin ƙofar da ta daɗe a rufe. A kan waɗannan abubuwa uku malamin ya cancanci yabo.

Inda Aikin Ya Gaza

Gazawa ta farko, kuma mafi girma, ita ce furannin da yaran suka zana. An ce musu su zana furen daji na ƙasarsu, amma mafi yawan takardun fure iri ɗaya ne: da'ira a tsakiya, kunnuwa biyar ko shida a kewaye, kara ɗaya da ganye biyu. Wannan furen ba ya fitowa a Rurum, ba ya fitowa a ko'ina. Furen jikin kwanon sha ne da zanen gado da bangon littafin rubutu. Wasu kuma sun zana wardi irin na katin ɗaurin aure. Wato yaran sun zana abin da suka haddace, ba su fita sun dubi komai ba. Alhali Rurum gari ne da duwatsu suka kewaye, ga gonaki, ga fadamu, ga ruwan Tiga a kusa tun da aka kammala madatsar a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Da wuya a sami wata a shekara da yaro zai fita bayan gari ya rasa fure.

Gazawa ta biyu ita ce kwafar alamomin Aborijin. A gefen furannin, yara da dama sun jera da'ira cikin da'ira da siffar kofaton doki, kamar yadda suka gani a wayar malaminsu. Ba su san cewa sun zana rijiyar wasu mutane da kakanninsu a zaune ba. Mu da kanmu ba za mu ji daɗi ba idan muka ga yara a wata ƙasa sun kwafi allon zayyana sun yi masa ado da abin da suka ga dama, ba tare da sun san cewa shaidar saukar Alƙur'ani ce ba. Abin da ba ma so a yi mana, bai kamata mu koya wa 'ya'yanmu su yi wa wasu ba. Yin ɗigo ba mallakar kowa ba ne, amma alamomin da labaransu suna da masu su.

Gazawa ta uku ita ce an gabatar wa yara ɗigo tamkar wani baƙon abu da sai an tsallaka teku ake samunsa. Wannan ya fi ba ni mamaki, ganin ƙasar da ake magana a kanta. A labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato masu rini. Ƙyallen da mata ke ɗaurewa ƙulli-ƙulli da zare kafin a jefa shi a karofi, idan an kwance shi fararen ɗige-ɗige ne ke fitowa a kan shuɗi, kuma har yanzu ana yin wannan a marinar Ƙofar Mata. Ɗinkin hula huji-huji ne ake jerawa har fure ya tashi. Masu zanen ƙwarya suna cike fili da ɗigo da tsinin ƙarfe mai zafi. 'Yan matan da suka yi kwalliya a zamanin iyayenmu suna ɗiga ruwan gauɗe ko katambiri a fuska, na yanzu kuma suna yi da lalle a hannu. Alarammomin da ke rubuta Alƙur'ani da hannu suna sa wasali da jar tawada, su ɗiga rawaya a gurbin hamza, su ƙawata alamar aya da kumsa da kuri. Duk wannan yana kewaye da yaron, amma ba a nuna masa cewa fasaha ce ba. Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara, balle ga wanda nasa kayan suke jibge a ɗaka.

Takarda Ɗaya da Ta Fita Daban

A cikin tarin akwai takarda ɗaya da na daɗe ina dubawa. Wata yarinya ta zana karan dawa guda uku da ɗigon kore, a gindinsu kuma ta tayar da wani siririn tsiro mai furanni ruwan hoda masu duhu, jere a kan kara. Ɗigonta bai kai na wasu kyau ba, launin ma ya zuba a gefe guda. Amma duk manomin da ya ga takardar zai ce wannan ƙuduji ne, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Har ta sa ganyen dawar da ke kusa da shi ya yi rawaya, na nesa kuma ya yi kore.

Wannan yarinya ta zana abin da idonta ya gani a gonar gidansu. Ƙuduji tsiro ne da ke manne saiwarsa a jikin saiwar dawa da gero da masara yana shan abincinsu tun yana ƙarƙashin ƙasa, kafin ma ya fito a gan shi. 'Ya'yansa ƙanana ne kamar ƙura, suna iya kwanciya a ƙasa shekaru masu yawa suna jiran hatsi, shi ya sa ake son a cire shi kafin ya zubar da iri. Daga wannan takarda ɗaya malami zai iya koyar da zane, da kimiyya, da aikin gona, da Hausa. A ganina ita ce ta fi kusa da abin da tsohuwar nan Emily ta yi da doyar dajinsu, ko da yake yarinyar ba ta kwafi alamar Aborijin ko ɗaya ba. Abin da ya haɗa su shi ne kowaccensu ta san tsiron da take zanawa.

Furannin da Ke Gabanmu

Domin kada a ce na yi suka ban kawo madadi ba, ga furannin da malami zai iya bi da su bisa zangon karatu. A zangon farko, daga ƙarshen damina zuwa kaka, akwai ƙuduji, da furen tafasa mai rawaya, da furen rama da na yakuwa masu duhun ja a tsakiya, da bado a kan kududdufi, da duman rafi mai shunayya a bakin ruwa. Akwai kuma bagaruwa, wadda furenta ƙananan dunƙule ne masu rawaya, tamkar Allah ya halicce su domin mai zanen ɗigo. Daga nan malami zai shiga bayanin yadda majema ke jima da 'ya'yanta.

A zango na biyu, lokacin hunturu zuwa bazara, itatuwa ne ke fure. Gurjiya kan zubar da ganye ta rufe kanta da jan fure. Minjirya ma haka. Ɗorawa kan sako jajayen furanni masu reto kamar tuntu, kuma daga ita ake samun kalwar daddawa da makubar da ake shafe katanga da daɓe. A wannan lokaci ne kuma rawaya ke fitar da furenta daf da ƙasa, musamman a inda wuta ta ci daji. Yara da yawa suna faɗin kalmar rawaya kullum ba su san cewa sunan tsiro ne ba, wanda daga saiwarsa ake samun launin. A zango na uku, da saukar ruwan sama, kuka kan sako babban farin furenta mai reto, wanda ke buɗewa da dare jemagu su zo masa. Sai kuma baba, wanda furensa ƙarami ne, amma bai kamata ɗan ƙasar Rano ya gama firamare bai san shi ba.

Launin ma yana gida. Akwai farar ƙasa da jar ƙasa, da gawayi, da shuni, da saiwar rawaya, da karan dafi da dukawa ke rina fata ja da shi, da ruwan zoɓo, ko da yake shi yakan dushe da wuri. Idan an dama kowanne da ɗan ƙaro, kamar yadda almajirai ke yi wa tawada, zai kama takarda. Sai dai malami ya yi hattara da tsirrai masu guba. Ruwan tumfafiya yana cutar da ido, 'ya'yan idon zakara kuma, duk da kyansu na ja da ɗigon baƙi, suna iya kisa idan an tauna. Irin waɗannan a nuna wa yara daga nesa, a gargaɗe su.

Shawarwari

Shawarata ga malamai ita ce, kada a fara darasin a cikin aji. A fita da yara bayan makaranta, kowa ya zaɓi tsiro ɗaya, ya ƙirga kunnuwan furen, ya dubi yadda ganyen ya jeru, sannan a dawo a zana. A ƙasan kowane zane yaro ya rubuta sunan tsiron da Hausa, da inda ya gan shi, da watan da ya gan shi, da amfaninsa kamar yadda wani babba a gidansu ya faɗa masa. Adon gefen takarda kuwa a ɗauko shi daga hula da faifai da ƙwarya da zanen katanga. A ba yara labarin mutanen Papunya da sunansu, a nuna musu ƙasar a taswira, a kuma gaya musu dalilin da ya sa ba za a kwafi alamominsu ba.

Wannan ba sabon ra'ayi ba ne a ƙasar nan. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a kan cewa za su karɓi kayan aiki da dabarun Turawa, amma abin da za su zana daga gidajensu zai fito. Okeke ya koma ga zanen uli na matan ƙabilar Ibo, kuma da shi ya yi suna.

Ga 'yan'uwana dattawa kuwa, nauyin ya fi yawa a kanmu. A Papunya aikin bai tashi ba sai da manya suka shigo makaranta. Masu maganin gargajiya, da mafarauta, da makiyaya, da tsofaffin mata masu sanin ganyen miya, su ne ɗakin karatun wannan darasi. Wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a littafi tun 1916, kuma daga bakin irin waɗannan mutane ya ji su. Yau da yawa daga cikin sunayen da ya rubuta sun zama baƙi a kunnen jikokinmu. Gatarin masu itace da gawayi yana rage itatuwa, maganin feshi yana share ciyayin gona, kuma idan tsiro ya ɓace daga gaban mutane sunansa ma yakan bi shi. Ranar da shugaban makaranta ya aiko a zo a yi wa yara bayani, kada mu ce mun tsufa.

Kammalawa

Hukuncina a kan wannan aiki shi ne, dabarar tana da kyau kuma a ci gaba da ita, amma a sauya abin da ake zanawa da inda ake ɗauko adon. Idan kowace makaranta a ƙasar Rano da Kibiya ta tara zanen ɗalibanta na shekara guda ta ɗinke su, za a sami kundin tsirran yankin da sunayensu da lokutan furensu, wanda yara suka yi da hannunsu, manya suka tabbatar. Irin wannan kundi ya cancanci a aje kwafinsa a Gidan Ɗan Hausa, inda Hans Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar Nassarawa a 1909, makarantar da tun a wancan lokaci aka haɗa karatu da sana'o'in hannu a cikinta. Allah ya yi wa malamanmu jagora, ya kuma raya mana zuriya.